Batir Biyu, Waya Ɗaya: Ɓarnar da Na Yi wa Motar Yayana

Direban tirelar da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala zuwa Njamena gida biyu gare shi: wanda ya bar iyalinsa a ciki a New Bell, da kuma kan motarsa. Na biyun ya fi sanin kwanansa. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,800, ta Edeya, Yawunde, Bertuwa, Garwa-Bulayi, Meganga, Ngawundare, Garwa, Marwa har Kusuri, sannan a haye gadar Ngeli a shiga Cadi. Wanda ya nufi Bangi kuwa, a Garwa-Bulayi zai karya ya yi gabas. Abin da ke cinye kwanakin direba a wannan hanya jira ne: jiran lodi, jiran takardun kwastan, jiran sikeli, jiran rakiyar sojoji. Daga Disamban 2020 zuwa Fabrairun 2021, lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar Bangi, motoci fiye da dubu ne suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulayi, direbobi da yaran mota suna girki a gindin taya, suna shanya a jikin tirela.

Mu Hausawan New Bell ba baƙin wannan rayuwa ba ne. Jamusawa ne suka yanka unguwar gab da yaƙin duniya na farko, domin su kwashe mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri su mayar da su can baya. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, suka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Daga bisani baƙi ne suka cika wurin, cikinsu har da kakanninmu fatake da suka gangaro ta Adamawa da shanu da tufafi, suna komawa da goro. Ayarin ya koma na tireloli, amma har yau zango zango ake tafiya. Wanda ya ratsa layukan da ke kewaye da babban masallacin New Bell da wuya ya wuce gida biyar bai samu wanda ɗansa ko surukinsa ke bin hanyar arewa ba. Gidanmu yana ciki. Yayana ya fara da yaron mota, ya zama direba, kuma da guminsa na yi karatun boko. Shi ya sa yake kirana Malam, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Ana gab da fara gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a Janairun 2022, sai ya ce mini: "Malam, ga kuɗi. Ka samo mini 'yar talabijin da za ta zauna a mota. Ba na son a yi wasan nan a ƙasarmu ina jin sa a bakin mutane."

Na karɓa da ƙwarin gwiwa, domin ina ganin na san kan wuta. Ni ke gyara soket a gida, ni ke haɗa wa maƙwabta dikoda. Na shiga shagunan Akwa na zaɓo talabijin mai inci 22, wadda cajarta ke waje, an rubuta bolt 12 a bayanta. Har yau ban ga laifin zaɓin ba. Ƙarama ce, ba ta da nauyi, wat 24 kawai take ci, tana da wurin sa filashi. Na haɗa da dikoda da ɗan farantin parabol da za a riƙa ɗaurawa a jikin mota in an sauka. Ɓarnar a wajen haɗawa ta faru.

Ƙananan motoci batir ɗaya ke gare su mai bolt 12. Manyan motoci, ko Mercedes ce, ko Renault, ko MAN, ko Howo ta 'yan Sin, bolt 24 suke aiki da shi: batir biyu ne masu bolt 12 aka jera, ƙafar wannan ta shiga ƙafar wancan, ƙarfinsu ya haɗu. Na san wannan, kuma na san in aka jona talabijin mai 12 kai tsaye a wuta 24, hayaƙi za ta yi nan take. Saboda haka na je Kam Yabasi, inda ake sayar da kayan mota, neman waya da fiyus. Wani dattijo mai gyaran wutar mota, yana zaune kan tsohon batir yana goge ƙafar wani da burushin ƙarfe, ya tambaye ni me zan haɗa. Na faɗa masa.

Ya ce, "Yaro, sayi akwatin rage wuta, mai karɓar 24 ya ba ka 12."

Na ce, "Baba, ai batir biyu ne, kowanne sha biyu. In na ɗauko daga guda ɗaya ba shi ke nan ba?"

Bai ko ɗago kai ba. "Kamawa kam za ta kama. Ka dawo bayan wata uku ka ba ni labari."

A raina na ce ciniki yake nema. Akwatin da yake magana bai kai rubu'in kuɗin talabijin ba, amma na ga ai ragowar kuɗin Yaya ne zan mayar masa ya san ƙaninsa ya iya tattali. Na ja waya daga batirin da ke haɗe da jikin mota, na shigo da ita ta ƙarƙashin kujera, na jona. Talabijin ta kawo tar. Yaya ya yi murna, yaron motarsa ya yi tsalle. Ranar 9 ga Janairu, da Kamaru ta ci Burkina Faso biyu da ɗaya, Vincent Aboubakar ɗan Garwa ya zura duka biyun, Yaya yana wani zango kusa da Meganga. Ya kira ni, ina jin ihun direbobi da suka yi dafifi a ƙofar motarsa. Ya ce, "Malam, Allah Ya yi maka albarka." Na kwana ina jin kaina injiniya.

Ga abin da ke faruwa a cikin akwatin batir a duk tsawon lokacin, wanda ba wanda ya gani. Lissafin wuta ba shi da wuya: a raba wat da bolt, a samu amfiya. Talabijin wat 24, dikoda kamar wat 12, jimla 36. A raba da 12, amfiya 3 ke nan. Kallon awa huɗu ya zuƙe amfiya-awa 12 daga batir. Batirin tirela kan ɗauki amfiya-awa tsakanin 170 zuwa 225, don haka a ido abin bai taka kara ya karya ba. To amma daga batir ɗaya ake zuƙa. Idan gari ya waye aka tayar da inji, altaneta ba ta san akwai mai yunwa da mai ƙoshi ba. Wuta ɗaya take turawa ta ratsa su biyun, kuma jimlarsu kawai take dubawa, wajen bolt 28. Wanda ba a taɓa ba sai ya sha fiye da ƙima, ya yi zafi, ruwansa ya riƙa ƙonewa. Wanda aka zuƙa kuwa ba ya samun abin da zai mayar da shi yadda yake, sai wani farin gishiri ya fara daskarewa a kan farantan dalmar da ke cikinsa, kullum yana rage masa ciki. Kamar tulu biyu ne da ake zuba wa ruwa daidai wa daida, amma daga guda kawai ake sha: ɗaya na ambaliya, ɗaya bai taɓa cika ba. Kowace rana tazarar na ƙaruwa.

Sannan waya in ta shigo ɗaki, ba ta zama ta abu ɗaya. Yaron mota ya ga ga wuta 12 a banza, ya jona 'yar fanka. Aka ƙara cajar wayoyi, ta Yaya, ta yaro, ta abokan zango. Wayar da na ja don amfiya uku ta koma ɗaukar ninkinsu, kuma ban ce wa kowa kada ya ƙara komai ba, domin ni kaina ban san akwai iyaka ba.

Alamu sun zo, muka yi musu wata fassara. Yaya ya ce da safe sitata na yin nauyi kafin ta juya inji. Na ce sanyin tudun Ngawundare ne. Ya ce batir ɗaya na yawan shan ruwa, har yana jin wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce ai kayan yanzu duk jabu ne. Ko sau ɗaya ban kawo wayata a lissafi ba.

Watan azumin shekarar ya faɗo a Afrilu, lokacin da zafin Arewa Mai Nisa ke haura digiri 40. Wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri, ta gefen dajin Waza, ya san ba wurin da direba ke son ya tsaya shi kaɗai ba ne. Hanyar ta lalace, kuma yankin ya sha fama da hare-haren Boko Haram, shi ya sa ake tafiya a ayari, da rana. A wani zango a wannan tsakanin suka kwana. Bayan sallar asuba kowa ya tayar da motarsa. Yaya ya murɗa makulli, sai ƙas, ƙas. Ya sake, fitilun gaban direba suka dushe. Tirela mai ɗauke da kwantena ba a tura ta. Wani abokinsa ya tsaya, suka nemo wayoyin jona batir, da ƙyar ta tashi, ayari ya riga ya yi nisa. Ba su yi tafiyar kirki ba motar ta faɗa wani rami, inji ya mutu, daga nan ko ƙas ɗin ma babu.

Da la'asar ya same ni a waya. Muryarsa ta bushe. "Malam, kana ji na? Muna daji. Batir ya mutu, duka biyun." Da ruwan jarka mai zafi da ragowar dabino suka sha ruwa a ranar. Shi da yaro suka kwana a ƙarƙashin mota ba wanda ya runtsa, duk fitilar da ta ɓullo daga nesa sai gabansu ya faɗi. Washegari yaron ya hau babur ya koma neman batir, aka ci bashi a wurin wani ɗan garinmu da ke Marwa. Kaya suka makara, mai kaya ya yi faɗa, mai mota ya ce batiran ba su shekara ba, don haka sakacin direba ne, ya zare kuɗin daga albashin Yaya.

Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni na ɗebo, bakin wani ya ƙone. Kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne abin da na yi bayan haka. Da Yaya ya dawo, na dage cewa batiran ne marasa kyau. Na ɗora wa yaron mota laifi, na ce shi ya cika wa waya kaya. Yaron, wanda ya kwana a daji saboda aikina, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Sai da Yaya ya ce mu kai tsofaffin batiran a duba, muka je wurin dattijon nan na Kam Yabasi. Ya ɗora abin awonsa a kan na farko, ya nuna mana: ya faɗi ƙasa da bolt 11. Ya buɗe murafun na biyu, ya haska da tocila, farantan sun fito tsirara, ruwa ya ƙafe, gefen batirin ya kumbura. Ya dube ni, ya gane ni sarai.

"Kai ne mai sha biyu daga guda ɗaya?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Bai ƙara ko kalma a kai ba. Ya juya ga Yaya ya ce, "Direba, ka cire wayar nan yau, in ba haka ba sababbin ma haka za su bi." Ashe har lokacin wayata na nan tana cin sababbin batiran da aka sayo da bashi.

A gabansa na ba Yaya haƙuri, na ba yaron mota haƙuri. Na biya kuɗin batiran kaɗan kaɗan daga abin da nake samu. Yaya ya ce ya yafe, amma ya ƙara da maganar da ta fi bulala zafi: "Malam, da ka ce mini ba ka sani ba, da na tambayi wani."

Tun daga nan na zauna na koyi abin da ya kamata in sani kafin in taɓa motar mutane, kuma ga shi ga duk mai niyyar sa talabijin a mota.

A fara da wutar, kafin a je shago. A san ko motar 12 ce ko 24. Wasu manyan motocin Turai suna zuwa da soket iri biyu a ɗakin direba, ɗaya 24, ɗaya 12 da kamfani ya riga ya rage, kuma kamarsu ɗaya, sai an karanta abin da aka rubuta a murfin. Sannan a san cewa wutar mota ba ta tsayawa wuri ɗaya. Batirin da ake kira 12 yana nuna kamar 12.6 in ya cika, ya haura 14 in inji na aiki, ya faɗi ƙasa sosai a lokacin da ake tayarwa. Talabijin ɗin ɗaki mai caja a waje an yi ta ne don tsayayyar wuta, wannan hawa da sauka na iya gajarta mata kwana. Waɗanda aka ƙera musamman don mota da jirgin ruwa sukan karɓi wuta mai faɗi, za a ga an rubuta daga 9 ko 10 har zuwa 30 ko 32. Irin wannan ita ce ta fi dacewa da tirela, domin tana shan 24 kai tsaye. Kuma kada a ɗauka duk mai caja a waje 12 ce: akwai masu 14, akwai masu 19. A juya bayanta a karanta, kada a tsaya ga maganar mai shago.

Idan mai 12 ce kawai aka samu, akwatin rage wuta dole ne, kuma a sayi wanda ƙarfinsa ya ninka abin da ake bukata, domin fanka da caja za su biyo baya ko an so ko ba a so ba. Da shi, wat 36 ɗin nan ba zai kai amfiya 2 ba, kuma daga batiran biyu zai fita daidai.

Wasu kan ce me zai hana a sa inbata a jona talabijin ɗin gida? Yana yiwuwa, amma asara ce. Inbata za ta ɗaga wutar batir zuwa 220, talabijin kuma ta sake sauke ta a cikinta. A wannan hawa da gangara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tafiya a zafi, kuma inbata na cin wuta ko ba a kunna komai ba muddin tana kunne. Balle manyan tsofaffin talabijin na gwanjo irin su plasma, masu cin wat 200 ko fiye. Ana samunsu da araha, amma a dare ɗaya za su durƙusar da batir.

Abu na gaba, batirin tayar da mota ba na zaman kallo ba ne. An yi shi ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, a mayar masa nan da nan. Zuƙe shi a hankali har ya yi ƙasa yana kashe shi. Turawan da ke yawo da motocin da aka mayar gida, masu gado da kicin a ciki, sun daɗe da raba gardama: batirin inji daban, batirin ɗaki daban, da wata 'yar na'ura a tsakani da ke haɗa su in inji na aiki, ta raba su in an kashe. Ko an kwana ana kallo, mota za ta tashi da safe. Direban da ke makonni a bakin iyaka ya fi su bukatar wannan tsari. Wanda bai da halin batir na uku, ya sa ɗan agogon awon wuta a gabansa: in motar 24 ce, inji a kashe, ya ga ta sauko wajen 24.4, rabi ya tafi, a kashe kallo.

Fiyus kuma a sa shi kusa da batir, ba kusa da talabijin ba, domin in waya ta goge a jikin ƙarfe ta haɗu, duk tsawonta zai zama garwashi, ga katifa, ga labule, ga tankin gas a ƙasa. Waya ta kasance mai kauri, a kuma tabbatar da ƙafar ja da ta baƙi kafin a jona, don juya su sau ɗaya ya isa ya kashe na'ura. A ɗaure talabijin da kusoshi huɗu ta ramukan bayanta, a sa roba a tsakani saboda girgiza. A guji manna ta kusa da gilashi: damshin Duwala, inda ruwan sama ke kusan mita huɗu a shekara, da ranar Kusuri, kowanne na da irin ɓarnarsa. Inci 19 zuwa 24 ya wadatar a ɗakin direba. A shago a tsuguna a kalle ta daga ƙasa da gefe, domin daga kan gado za a riƙa kallo, kuma wasu fuskarsu na yin duhu in ba a gabansu ake ba.

Wannan lissafi bai tsaya a mota ba. A gidajen New Bell, inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare duk da madatsun Edeya da Song Lulu da ke kan kogin Sanaga, mutane da yawa sun koma ga ƙaramar talabijin mai 12 da batir da farantin sola. Tambayoyin dai su ne: wat nawa take ci, awa nawa za a kalla, batirin nawa yake ɗauka, kuma me zai mayar masa da abin da aka zuƙa, musamman a Yuli da Agusta da rana ke wuyar gani a Duwala.

Talabijin ɗin nan tana nan a motar Yaya har yau, da akwatin rage wutarta da batirinta na daban, aikin dattijon Kam Yabasi. Ba ta taɓa yin laifin komai ba. Laifin na wanda ya ga abu ya kama ya ɗauka ya iya ne. A harkar wuta, kamawa ba shaida ba ce. Kuskure kan yi wata uku yana aiki lafiya kafin ya nuna kansa, kuma ba ya zaɓar wuri mai daɗi.

Kirana ga 'yan'uwana da aka ɗora wa sunan masu ilimi a gida, waɗanda ake miƙa wa kuɗi a ce "kai ka sani": ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma sau da yawa a wuyan wanda ya amince da mu yake ƙarewa. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. In mai sana'a ya ba ka shawara, kada ka fara da zargin yana neman kuɗinka. Tambaye shi dalili, ka saurara har ya gama. Direbobi kuma, kada ku bar kowa ya taɓa akwatin batirinku don kawai ɗan'uwa ne ko ya yi boko. Ku kai wa mai aikin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.